Baget a Jidda: ƙarfe nawa za ka iya fita?

Akwai baget, wato dogon burodin Faransa, mai kyau a Jidda, sai dai ransa gajere ne. Daga sa'ar da aka zaro shi daga tanda zuwa sa'ar da ɓawonsa zai saki, da ƙyar yake wuce rabin wuni. In kuwa a watan Agusta ne, lokacin da danshin iskar Bahar Maliya ke sa gilashin mota gumi tun da sassafe, kafin ka kai shi gida ma ya fara laushi. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni inda zai saya, nakan fara tambayarsa ƙarfe nawa yake iya fita daga gida.

Ni mutumin Maraɗi ne, direba nake a wani gida a arewacin gari. Uwar ɗakina tana son burodin Turawa a teburinta, ni kuma da shi na tashi, don a Nijar mai shayi ba ya buɗe tebur sai da dogon burodi jingine a kwali. Aiken da ake yi mini ya shigar da ni shagunan da albashina ba zai kai ni ba, kwaɗayina kuma ya kai ni lungunan da ita ba za ta taɓa shiga ba. Abin da zan faɗa daga nan ya fito.

Mu fara kawar da samoli gefe, don shi ne abin da abokaina 'yan Kano ke miƙo mini a unguwar Karantina in na yi zancen dogon burodi. Samoli dogo ne, gaskiya, kuma da riyal ɗaya za ka fito daga bagala, wato kantin unguwa, da leda guda, saboda gwamnati na tallafa wa fulawar da ake ba gidajen burodi. Amma burodi ne mai laushi ciki da waje, yawanci da ɗan sukari da mai a kwaɓinsa, an yi shi ne don a tsaga a cusa ƙwai ko hanta ko cuku a ba yaro ya tafi makaranta. Yana aikinsa, ba ni da ƙorafi a kansa. Haka tamis na Afganawa da ake ɗaukowa da zafi daga bangon tanda a ci da ful, dafaffen waken nan na Larabawa, haka burodin shuraik mai riɗi. Kowanne da gurbinsa. Baget wani abu ne daban, kuma mutumin da ya tashi da burodin Najeriya mai zaƙi yakan ce mini wannan ai busasshen abu ne mai yanke dasashi. Ba na musu da shi. Nakan ce ya bari sai ya ci wanda bai wuce awa guda da fitowa ba, sannan mu yi magana.

Abu huɗu ne a cikin baget na gaskiya: fulawar alkama, ruwa, gishiri, da yis ko tsohon kwaɓi mai tsami. Babu sukari, babu mai, babu madara. A Faransa har doka suka kafa a 1993, cewa burodin da za a kira na gargajiya ba a daskarar da shi a kowane mataki, ba a kuma zuba masa sinadaran gyara kwaɓi. A 1998 suka ƙara da cewa shago ba ya amsa sunan gidan burodi sai in a wurin ake kwaɓawa, a wurin kwaɓin ke tashi, a wurin ake gasawa. Waɗannan dokokin ba su tsallako teku ba. A nan kowa na iya manna tutar Faransa a jikin leda ya sayar maka da abin da ya ga dama, don haka idonka da hannunka ne za su yi maka bincike.

Ni abin da nake fara yi shi ne in kifa shi in dubi cikinsa na ƙasa. In na ga ƙananan ɗige-ɗige a jere, layi bayan layi, na san a cikin tire mai huji aka gasa shi, irin wanda ake jerawa a keken ƙarfe a tura cikin babban oben. In na ga ƙasan a shafe yake, da ɗan burbushin fulawa da tabon wuta nan da can, to a kan dutsen tanda ya kwanta, kuma wannan ne ke ba ɓawon kauri. Sai launi: ina son wanda ya yi ja sosai, bakin tsagarsa ya ɗan doshi ƙonewa. Sai in ɗan matsa shi kusa da kunne. Mai kyau zai yi ƙaras-ƙaras ya dawo yadda yake, marar kyau zai lotsa shiru. In aka karya, cikin ya kamata ya zama ruwan madara, ba fari fat ba, da ramuka manya da ƙanana barkatai. Nauyinsa wajen giram 250 ne a tsawon da ya kai santimita 65 ko kusa, saboda haka in ka ɗaga ka ji ya cika hannu da nauyi, kwaɓin bai tashi ba.

Da wannan ma'auni na shiga manyan kantuna, waɗanda ke da sashen burodi a can ƙurya bayan firji. Nan ne mafi sauƙin samu, kuma mafi arha, riyal biyu zuwa huɗu. Ƙamshi zai tare ka tun daga layin shinkafa, amma ƙamshin bai tabbatar da komai ba. A wani babban kanti da nake yawan zuwa cefane, na tsaya na kalli yaron da ke aikin. Ya buɗe kwali daga firiza, ya zaro burodi fari sol wanda aka riga aka gasa rabi a masana'anta, ya jera a tire, ya danna maɓalli. Bayan 'yan mintoci ya fito da shi, bai ko jira ya huce ba ya zura shi a doguwar leda ya ɗaure baki. Nan take ledar ta yi gumi daga ciki. Wannan ɗaurin kaɗai ya isa ya kashe ko da baget ɗin da ya fi kowanne, don tururin da ke fita daga cikin burodin ba shi da wurin zuwa sai cikin ɓawon. Ka kai gida, ka gutsura, sai ka yi ta ja kamar mai cin ganda. Ɗanɗano kuwa babu, gishiri ne da iska.

Ban ce kada a saya ba. In ka iske ana fitarwa, ka roƙi yaron ya ba ka a takarda ko ya bar ledar a buɗe, kuma ka ci a cikin awa guda da miya mai ƙarfi, zai yi maka. Wasu rassan suna kwaɓa nasu da kansu, za ka gane ta ganin injin kwaɓi da buhunan fulawa a bayan kanta. Amma wanda ya kwana a kan shiryayye tun jiya da dare, ko an rage kuɗinsa rabi, bar musu abinsu.

Sai shagunan titin Tahliya da Rawda da Zahra, masu gilashi da kujerun shan kofi. Akwai Paul, sunan da asalinsa daga arewacin Faransa yake tun 1889, kuma baget ɗinsa da safe yana da ɓawo da ƙamshin da ake nema, shi uwar ɗakina ta fi aikena. Akwai kuma ƙananan shaguna da matasan Saudiyya suka buɗe a 'yan shekarun nan, wasunsu har Turai suka je koyo, suna shigo da fulawar Faransa suna rubuta lambar nau'inta a allo. A wannan rukunin kuɗin yakan haura riyal goma, wani lokaci ya ninka. Mai kyau a cikinsu yana da kyau ƙwarai. Matsalar da na fi gani ita ce tsoron wuta. A wani shago mai tsadar gaske, na lura duk burodin da ke kwando fari ne, ko alamar ja babu. Na tambayi mai sayarwa, wani Bafilifine mai fara'a, ya ce masu saye ne ke mayar da wanda ya yi duhu, suna cewa ya ƙone, shi ya sa ake cire shi da wuri. Kwaɓin nasu mai kyau ne, da ka karya za ka ga ramukan, amma an hana shi mintocin ƙarshe da ke ba shi ɗanɗano. A irin wannan wuri ka ce a zaɓo maka wanda ya fi gasuwa, sau da yawa akwai ɗaya ko biyu a ƙasan kwando da kowa ya ƙi.

Wani abin da ke ba ni haushi a wajensu shi ne saurin miƙa burodi ga injin yanka. Kafin ka buɗe baki an yanyanka maka shi ƙanana an zuba a leda. Yankakken baget a cikin sanyin na'ura kafin azahar ya bushe ƙamas. Ka ce a bar maka shi a tsayensa.

Wanda nake kashe kuɗina a kansa yana kudancin gari, tsakanin Bab Makka da unguwannin da mutanenmu suka fi zama. Ƙaramin makhbaz ne, wato gidan burodi, allonsa ya koɗe, mai gashin wani dattijo ne ɗan Tunisiya. Yawancin abin da yake sayarwa samoli ne da burodin Larabawa, don su ne ke biyan haya. Baget kaɗan yake yi, don 'yan Magrib, wato arewacin Afirka, da 'yan Senegal da Mali da Chadi da mu 'yan Nijar, mutanen da Faransa ta bar wa wannan ɗabi'a. In ka je da hantsi ba za ka ga alamarsa ba. Sau biyu yake fitarwa, bayan sallar asuba da kuma bayan la'asar.

Ran da ya fara barina na leƙa ciki, abin da na fara gani bokitin ƙanƙara ne a gefen injin kwaɓi. Na ce, «Mu'allim, wannan na shan ruwa ne?» Ya yi dariya ya ce, «Ya Hajji, a garin nan ruwan famfo da kansa shayi ne. In na kwaɓa da shi, kafin in juya baya kwaɓin ya tashi ya faɗi.» Da ruwan ƙanƙara yake kwaɓawa don kwaɓin ya fito daga inji da ɗan sanyi, wajen digiri 24. Yis ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, bai kai rabin abin da yake zuba wa samoli ba. Sai ya rufe kwaɓin ya tura firji ya kwana. A wannan kwanan ne ɗanɗano ke zuwa, in ji shi, kuma shi ne abin da manyan wurare ba sa iya jira. Fulawarsa ta nan ce, irin wadda kowa ke saye, bai taɓa sayen ta Faransa ba.

Da asuba yakan fito da kwaɓin ya yanka ya auna, ya bar shi ya huta, sannan ya naɗe kowanne da tafin hannu yana mirginawa daga tsakiya zuwa gefe har bakin ya yi tsini. Ba ya dannawa da ƙarfi, don kada iskar da ta taru ta fice. Yakan jera su a kan wani ƙyalle mai kauri da ya sha fulawa, yana tattaro ƙyallen tsakanin kowane biyu don kada su manne. In sun tashi sai ya ɗauko reza da ya soke a tsinke. Tsaga biyar yake yi, kusan a miƙe da tsawon burodin, kowace tana ɗan hawa kan wadda ta gabace ta, rezar a kwance. Hannun ba ya tsayawa, kafin ka ƙifta ido ya wuce na gaba. Tandarsa mai dutse ce, zafinta wajen digiri 250, kuma da ya tura su sai ya ja wani ƙarfe tururi ya cika ciki. Tururin ne ke hana fatar bushewa da wuri, burodin ya samu ya kumbura, tsagar ta buɗe ta ɗaga kunne. Bayan minti ashirin da 'yan kai yakan zaro su ya tsayar a kwandon kaba. In ka yi shiru za ka ji suna ƙara ƙas-ƙas yayin da ɓawon ke tsattsagewa da iska.

Na ci wannan burodi a tsaye a bakin ƙofarsa, ba man shanu ba komai. Ɓawon yana fashewa, burbushi na zuba a gaban riga, cikin yana da ɗan danshi da zaƙin alkama wanda ba na sukari ba. Riyal uku yake karɓa. Ban ci wanda ya fi shi ba a shagunan da ke karɓar ninki biyar na wannan.

Yana da nasa aibin. Wurin ajiye mota babu, sai ka bar ta nesa ka taka. Ranar da dattijon bai zo ba, yaronsa ne ke riƙe reza, kuma hannun bai nuna ba tukuna: tsagar takan rufe, burodin ya fashe ta gefe. Gishirin ma wani lokaci yakan yi ƙasa. In ka makara da rabin awa bayan la'asar, wani mai gidan abinci ɗan Senegal ya kwashe rabi don sanwicin dare. Kuma ba ya ajiye wa kowa, ko kai wane ne. Na taɓa roƙonsa ya ware mini biyu ya ce, «Ya Hajji, in na ajiye maka, abin da za ka zo ka karɓa ba nawa ba ne kuma.»

Shi ne ma ya ja hankalina ga gasar da birnin Paris ke yi kowace shekara tun 1994, inda wanda ya ci yake kai burodi fadar shugaban ƙasa tsawon shekara guda. Yana alfahari da cewa 'yan asalin Tunisiya sun sha cinye ta, irin su Mahmoud M'seddi a 2018. Ni kuma na rama da Djibril Bodian, haifaffen Senegal, wanda ya ci har sau biyu, a 2010 da 2015. Lokacin da UNESCO ta saka sana'ar baget cikin al'adun duniya a ƙarshen Nuwamban 2022, dattijon cewa ya yi a aiko masa da nasa kason a riyal.

Kasuwannin manoma kuwa, a Jidda abin lokacin sanyi ne, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, sa'ar da mutum ke iya tsayawa a fili da yamma ba tare da ya jiƙe ba. Kada ka nufi Halaga da wannan niyya, can kayan lambu ne da 'ya'yan itace a kwali-kwali. Waɗanda nake nufi su ne ƙananan kasuwannin ƙarshen mako da ake kafa rumfuna a fili ko a harabar wani gini, inda ake kawo zumar Ɗa'if da ganyaye da ƙwai, da kuma matan da ake kira usar muntija, masu sana'a daga gida. A cikinsu akwai masu burodi. Na sayi baget wurin wata baiwar Allah da ke yi da tsohon kwaɓi mai tsami, ba yis ko kaɗan. Gajere ne mai kauri, don oben ɗin gida ba ya ɗaukar mai tsawo, kuma ba ya riƙe tururi yadda tandar makhbaz ke yi. Ɗanɗanon ya yi zurfi, da ɗan tsami a ƙarshen harshe, kuma ya fi kowanne jure kwana. Amma ɓawon ya yi tauri maimakon ya fashe, cikin ya cushe, ga shi tun safe ta gasa, kasuwar kuma sai bayan la'asar take ci. Kuɗin ya kai na shagunan Tahliya. Shawarata a rumfunan nan, ka bar dogon ka ɗauki zagayayyen burodinsu mai tsami. Shi ya dace da oben ɗin gida, kuma a nan hannunsu ya fi faɗawa. Zumar ma ka saya.

In ka samu mai kyau, sauran aikin naka ne. Ka tafi da jakar takarda ko tsabtataccen ƙyalle. Kada ka ajiye shi a but ɗin mota, ka kwantar da shi a kujera. Kada ka sa shi a firji, sanyin firji yana sa burodi tsufa fiye da barinsa a waje. In ka san ba za ka cinye ba, ka raba shi biyu tun yana sabo, ka naɗe da kyau ka jefa firiza. Ran da kake so, ka yayyafa masa ruwa kaɗan ka sa a oben mai zafi minti biyar zuwa bakwai, zai dawo kusa da yadda yake. Uwargida ta gwada ɗumama shi a maikirowef, ta ce, «Malam, ai ga shi ya yi laushi.» Ya yi laushi na minti biyu, daga nan ko wuƙa sai da ta yi gardama da shi.

Mu a gida da ful muke cinsa ranar Juma'a da safe, a zuba man zaitun da yaji, a riƙa dangwala. Yana shan romo ba ya narkewa, abin da samoli ba ya iyawa. In wani ya zo Umra ya kawo kilishi, sai a tsaga burodin a jera shi ciki da albasa da tumatir. Wanda ya kwana ya bushe kuma, yara na tsoma shi a shayi da madara.

Da azumi lissafin duk yana canzawa. Gashin asuba babu shi, dattijon yakan mayar da tandarsa ga shuraik da abin da masu buɗa-baki ke nema, baget sau ɗaya kawai yake fitarwa, wajen awa guda kafin magariba. Layin yakan kai bakin titi, kuma 'yan Magrib masu neman abin cin miyarsu ta harira sun riga kowa zuwa. Wanda ke so sai ya sallaci la'asar a masallacin unguwar ya wuce kai tsaye.